Musayar 'yan wasa a besbol: wace ƙungiya aka fi yi wa sakiyar da ba ruwa?

Baban Khalifa:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Tunda watan Yuli ya kama, kuma ƙungiyoyin besbol na Amurka sun shiga rububin cinikin 'yan wasa kafin a rufe kasuwa a ƙarshen wata, ga abin da nake so mu tattauna: a tarihin wasan nan, wane ciniki ne ɓangare ɗaya ya fi tafka asara? Ni a wurina babu na biyun Babe Ruth. A watan Disamban 1919 mai ƙungiyar Boston Red Sox, Harry Frazee, ya sayar da shi ga New York Yankees a kan dala 100,000, sannan masu Yankees suka ba Frazee rancen dala 300,000, ya jinginar musu da filin Fenway Park. Ruth ya riga ya taimaka wa Boston ta ci kofin World Series, wato gasar ƙarshe ta fitar da zakaran shekara, sau uku, a 1915 da 1916 da 1918. A shekararsa ta ƙarshe a can ya buga hom-ron 29, abin da babu wanda ya taɓa yi kafinsa. Yana zuwa New York ya buga 54, shekara ta zagayo ya buga 59. Yankees da ba su da kofi ko ɗaya a lokacin, yau suna da 27. Boston kuwa sai da ta shekara 86 tana jira, daga 1918 har 2004. Duk ranar da jirgin ƙasa mai lamba 4 ya wuce da ni ta gefen filin Yankees a nan Bronx sai na tuna cewa bashin wani mutum ɗaya ne tushen duk wannan daula.

Ɗan Maraɗi:
Wa alaikumus salam. Yaya, kafin ku yi nisa ku taimaka mana mu da ke kallo ta waya. Mu ƙwallon ƙafa muka saba, inda ake biyan kuɗi a ɗauki ɗan wasa, shi ma sai ya amince da albashi kafin ya tafi. A besbol yaya abin yake? Kuma mene ne hom-ron?

Baban Khalifa:
Hom-ron shi ne mai bugu ya ɗaga ƙwallo ta tsallake katangar fili, ya zagaye tasha huɗu ya dawo gida babu mai tare shi. Batun ciniki kuma, yawanci ba kuɗi ake bayarwa ba, mutum ake bayarwa a karɓi mutum. Kwantiragin ɗan wasa ne ake miƙa wa wata ƙungiya da albashinsa yadda yake, ba a tambayarsa, sai dai a kira shi a ce ya haɗa kayansa. Kowace daga cikin manyan ƙungiyoyi 30 tana da ƙananan ƙungiyoyin raino inda take horar da yara. Ƙungiyar da ke ganin za ta iya cin kofi bana sai ta ba da yara biyu ko uku ta karɓi gogaggen ɗan wasa. Wadda ta fidda rai kuma ta sallami gogaggen ta tara yara. Sannan ɗan wasa sai ya cika shekara shida a babban rukuni kafin ya samu 'yancin zaɓar inda zai je.

Malamin Lissafi:
Baban Khalifa, da girmamawa, na Ruth ba ya cikin layin nan. Wannan sayarwa ce, Boston ba ta karɓi ɗan wasa ko ɗaya ba. In musaya ake magana, sai ka ce Lou Brock da Ernie Broglio, ranar 15 ga Yunin 1964. Chicago Cubs suka ba St. Louis Cardinals Brock, suka karɓi Broglio, mai jifa, wato mai jefa wa masu bugu ƙwallo. Brock ya ƙarasa wannan kakar yana dacewa da bugu 348 cikin kowane 1,000, Cardinals suka ci kofi a shekarar. Ya yi ritaya da bugu 3,023 da satar tasha (tsere zuwa tasha ta gaba ba tare da jiran bugu ba) 938. Broglio kuwa wasa 7 kacal ya ci wa Cubs, ya faɗi 19, kafin ƙarshen 1966 ya bar wasa.

Amma ga inda nake so a tsaya. Ranar da aka yi cinikin, mutane da yawa Cubs suka ga ta ci riba. Broglio ya ci wasa 21 a 1960, ya ci 18 a 1963. Brock yaro ne mai gudu wanda bugunsa bai kai ya kawo ba, tsaron filinsa ma ana kuka da shi. Abin da ya ɓoye shi ne hannun Broglio ya riga ya lalace, har sai da aka yi masa aiki a gwiwar hannu bayan kakar. To wanda ya yi hukunci da abin da ke gabansa, ya za a yi a kira shi wawa bayan shekara 20? Da-na-sani ƙeya ce.

Maman Iman:
Malam, ban yarda ba. Aikinsu ke nan. Albashi ake biyansu don su ga abin da ni da kai ba mu gani ba. In mai duba 'yan wasa bai hango cewa hannun mutum ya gaji ba, bai kuma hango abin da ke jikin yaron da ke gidansa shekara uku ba, me yake dubawa?

Malamin Lissafi:
Hajiya, a 1964 babu na'urorin hoton jijiya irin na yanzu, kuma 'yan wasa ɓoye ciwo suke yi don kada a rage musu albashi. Yau kafin a kammala ciniki sai likitocin ɓangarorin biyu sun yi musayar takardu. Ba zamani ɗaya ba ne.

Dattijon Harlem:
Yara, ku bar ni in sa baki. Na Brock ana iya yi wa Cubs uzuri. Na Frank Robinson fa? Disamban 1965 Cincinnati Reds suka miƙa shi ga Baltimore Orioles, suka karɓi Milt Pappas da wasu mutum biyu. Ba yaro ba ne da za a ce ba a san shi ba, shi ne gwarzon ɗan wasan rukuninsu a 1961, ya shekara goma yana ɗauke da ƙungiyar. Hujjar mai ƙungiyar, Bill DeWitt, ita ce wai Robinson ya kai 30 kuma jikinsa ya fi shekarunsa tsufa. A 1966 wannan da aka ce ya tsufa ya zo na ɗaya a abubuwa ukun da ake auna mai bugu da su: dacewa 316 cikin 1,000, hom-ron 49, ya kuma shigar da maki 122. Aka ba shi gwarzon shekara, Orioles suka lallasa Dodgers wasa huɗu a jere suka ɗauki kofinsu na farko, shi aka sake ba gwarzon gasar. Ni ra'ayina, ba shekaru suka dami shugabannin Reds ba. Robinson baƙar fata ne mai faɗin abin da ke ransa, a Amurkar 1965. Shi ne kuma ya zama baƙar fata na farko da ya horar da babbar ƙungiya, a Cleveland, 1975.

Baban Khalifa:
Baba, ka kawo ni inda nake so. Ni abin da na lura, manyan asarorin nan ba daga rashin ido suke tasowa ba. Daga aljihun mai ƙungiya ne ko daga zuciyarsa. Frazee mai shirya wasannin dandamali ne, bashin sayen ƙungiyar na kansa, ga Ruth na neman a ninka masa albashi. Dubi Steve Carlton ma. Ya ci wa Cardinals wasa 20 a 1971, ya nemi ƙarin albashi, mai ƙungiyar Gussie Busch ya fusata a kan 'yan dubban daloli ya sa aka tura shi Philadelphia Phillies a Fabrairun 1972, aka karɓo Rick Wise. A wannan shekarar Phillies gaba ɗayanta wasa 59 ta ci, 27 daga ciki Carlton ne ya ci su. Ya ɗauki kyautar Cy Young ta gwarzon masu jifa har sau huɗu a can. Wane mai duba 'yan wasa ne ya yi kuskure a nan? Babu. Mai gida ne ya yi fushi.

Malamin Lissafi:
Wise ba kanwar lasa ba ne fa. A 1971 ya yi wasan da babu wanda ya samu bugu a kansa, kuma a wasan nan shi da kansa ya buga hom-ron biyu. Shi ma rigimar albashi yake yi da Phillies. Masu rigima biyu aka musanya.

Baban Khalifa:
To ai ka ƙara min hujja ke nan, Malam. Ɓangarorin biyu albashi ne ya kai su teburin.

Zangon Kumasi:
Salamu alaikum manya. Ni ɗan Tigers ne, don a Detroit na fara zama. Kullum in aka zo wannan hira sai an ambaci John Smoltz, kuma abin na ci min rai. Agustan 1987 Tigers na kokawa da Toronto a kan wa zai jagoranci shiyya. Suka ba Atlanta Braves yaro ɗan shekara 20, ɗan jihar Michigan, wanda aka ɗauka a zagaye na 22 na zaɓen matasa, kuma a shekarar ya faɗi wasanni fiye da waɗanda ya ci a ƙungiyar raino. Suka karɓi Doyle Alexander. Alexander ya ci wasa 9 bai faɗi ko ɗaya ba, abin da ake ci a kansa bai wuce maki 1.53 a kowane cikakken wasa ba. Sai a ranar ƙarshe ta kaka Tigers suka tabbatar da shiyyar a hannunsu. Ba don shi ba da ba su kai ba. Eh, Smoltz ya je ya ci wasa 213, ya kulle wasa 154 (wato ya shigo a ƙarshe ya kare nasarar ƙungiyarsa), ya ɗauki Cy Young a 1996, ya shiga zauren gwaraza a 2015. Amma abin da Tigers suka je saya sun same shi cif. Ƙwai a baka ya fi kaza a akurki.

Maman Iman:
Sun ci kofin?

Zangon Kumasi:
Minnesota Twins suka fitar da su a matakin kusa da na ƙarshe.

Maman Iman:
To ka gani. Wata biyu na farin ciki, aka ba da shekara 20.

Zangon Kumasi:
Anti, ba haka ake lissafin ba. Babu mai sayen kofi, dama ake saya. A 2016 Cubs sun ba Yankees Gleyber Torres, yaron da ya fi kowa daraja a gidan rainonsu, don su ari Aroldis Chapman na wata uku. Suka ci kofin da suka shekara 108 suna nema. Je ki Chicago ki tambayi wa ke kukan Torres. Shawarar iri ɗaya ce da ta Tigers, sakamako ne ya bambanta, kuma a gajeren zagayen ƙarshe na besbol ko wace ƙungiya na iya faɗuwa.

Ɗan Maraɗi:
Ni da nake sauraro, abin ya yi min kama da manomin da ya sayar da irinsa a bazara don ya yi hidimar gida. In hidimar ta dole ce babu mai zarginsa. In kuwa da ma yana da hatsi a rumbu, to ya cuci kansa. Kenan tambayar ita ce wace ƙungiya ce take cikin dole, wace ce kuma ba ta ciki.

Malamin Lissafi:
Madalla da wannan, ƙanina. Da ma'aunin nan naka zan ce na Jeff Bagwell ya fi na Smoltz muni nesa ba kusa ba. Ƙarshen Agustan 1990 Red Sox suka ba Houston Astros Bagwell, suka karɓi Larry Andersen, mai jifan agaji ɗan shekara 37 wanda kwantiraginsa ke ƙarewa a kakar. Zagaye 22 kacal ya jefa musu (cikakken wasa zagaye tara ne), ya wuce San Diego. Bagwell kuwa ba ɓoyayye ba ne kamar Smoltz, a shekarar yana dacewa da bugu 333 cikin 1,000 a ƙungiyar raino. Abin da ya rufe wa Boston ido biyu ne. Na farko hom-ron 4 kawai ya buga, ba su yi la'akari da cewa filin da yake wasa a New Britain fili ne mai wahalar fitar da ƙwallo ba. Na biyu suna da Wade Boggs a tasha ta uku inda yaron ke tsaro, sai suka ɗauka ba su da wurin sa shi. Houston suka matsar da shi tasha ta ɗaya kawai, magana ta ƙare. Gwarzon sabbin 'yan wasa a 1991, gwarzon shekara a 1994, hom-ron 449, shekara 15 a ƙungiya ɗaya. Kuma a Boston aka haife shi, Red Sox ya taso yana so. Wannan kam ban da uzurin da zan yi musu, alƙaluman suna gabansu ba su karanta ba.

Autan Gwaggo:
Ba wanda zai ambaci Nolan Ryan? New York Mets suka haɗa shi da mutum uku suka ba California Angels a Disamban 1971 saboda Jim Fregosi. Ya gama da fitar da masu bugu 5,714, da wasa bakwai da babu wanda ya samu bugu a kansa. Har yau babu wanda ya kamo shi a duka biyun.

Dattijon Harlem:
An ji, Auta. Ryan a Mets bai iya saita jifa ba tukuna, shi ma ya gaji da New York. Wannan ciwon Mets ne, amma ba shi da wani sirri.

Wanda ke da sirri shi ne wanda kakanninku ma ba su gani ba. Disamban 1900 Cincinnati ta ba New York Giants wani yaro Christy Mathewson, ta karɓi Amos Rusie, tsohon gwani wanda ya shekara biyu bai yi jifa ba. Rusie wasa uku ya yi wa Cincinnati, bai ci ko ɗaya ba. Mathewson ya ci wasa 373 a rayuwarsa, 372 a Giants. Mai Cincinnati a lokacin John T. Brush ne, kuma a 1902 shi ya sayi Giants. Ku haɗa da kanku. Haka a shekarun 1950, Kansas City Athletics ta riƙa tura gwanayenta Yankees ɗaya bayan ɗaya, mai ita Arnold Johnson kuwa abokin harkar masu Yankees ne, har ya taɓa mallakar filin wasansu. Ta wannan hanya Roger Maris ya isa New York a Disamban 1959, ya buga hom-ron 61 a 1961. Ruwa ba ya tsami banza.

Maman Iman:
Baba, Allah ya ƙara girma. Amma kada a ce duk tsohon labari ne. Na Mookie Betts a gabanmu aka yi, Fabrairun 2020. Mutumin da ya zama gwarzon shekara a 2018, shekarar da Boston ta ci wasa 108 ta ɗauki kofi, yana ɗan shekara 27. Aka haɗa shi da David Price aka tura Los Angeles Dodgers, aka karɓo Alex Verdugo da Jeter Downs da Connor Wong. A nan babu ciwon da ya ɓoye, babu yaron da ba a sani ba, babu zamanin jahiliyyar likita. Kowa ya san waye Betts. Saura masa shekara ɗaya ya samu 'yanci, ba a so a biya farashinsa, ana kuma so a sauko ƙasa da layin harajin da ake ɗora wa ƙungiyoyi masu yawan albashi. Dodgers suka ba shi shekara 12 a kan dala miliyan 365, suka ci kofi a 2020, suka sake ci a 2024. Downs an sallame shi a ƙarshen 2022, Verdugo an tura shi Yankees a 2023. Ƙungiyar nan ba matalauciya ba ce, masu ita su ne masu Liverpool.

Zangon Kumasi:
A nan ina tare da ke ɗari bisa ɗari, Anti.

Malamin Lissafi:
Ni ma ba zan kare shi ba, sai dai in ƙara abu ɗaya. Dokar shekara shida ce ke haifar da irin wannan. Shekaru ukun farko ɗan wasa na karɓar kusan mafi ƙarancin albashi ko da shi ne gwanin gwanaye, uku na gaba ana yi masa ƙari ta hanyar mai sasanci, sai bayan nan kasuwa ta buɗe. Don haka a idon masu lissafin ofis, yaron da ke da shekara shida masu araha a gabansa ya fi tauraron da ya rage wa shekara ɗaya daraja. Wani lokaci lissafin na fita. Washington Nationals sun ba San Diego Padres Juan Soto a Agustan 2022, suka karɓi CJ Abrams da MacKenzie Gore da James Wood da wasu. Padres shekara ɗaya da 'yan watanni suka more shi suka tura shi Yankees, daga can ya tafi Mets a kan dala miliyan 765. Yaran uku kuwa duk sun kai ga wasan taurari. Hikimar ɗaya ce da ta Betts. Boston yaran da ta zaɓa ne ba su kai ba.

Maman Iman:
Malam, kai kullum sai ka mai da shi lissafi. Mai sayen tikiti ba ya zuwa fili don ya kalli an rage haraji.

Baban Khalifa:
Wanda ya fi ba ni tausayi a duk tarihin nan Montreal Expos ne, don su dole ce ta gaske ta same su. Su ne suka yi wa Dodgers wayo a Nuwamban 1993, suka ba da Delino DeShields suka karɓi Pedro Martinez, wanda Dodgers ke ganin jikinsa ya yi ƙanƙanta da ya jure aikin mai jifan da ke buɗe wasa. A 1994 Expos suka fi kowa, sun ci 74 sun faɗi 40, sai yajin aikin 'yan wasa ya tsayar da kaka a Agusta, ba a buga World Series ba. Da aka dawo babu kuɗi, cikin 'yan kwanaki suka rabu da Ken Hill da John Wetteland da Marquis Grissom, Larry Walker ya tafi abinsa. Pedro ya ɗauki Cy Young a 1997, a watan da aka ba shi kyautar suka tura shi Boston don ba za su iya riƙe shi ba. Sai 2002, lokacin hukumar gasar ce da kanta ke riƙe da ƙungiyar, ana ta maganar rushe ta. Manajansu Omar Minaya ya ba Cleveland Cliff Lee da Grady Sizemore da Brandon Phillips don ya karɓi Bartolo Colon, wanda rabin kaka kawai ya yi musu. Duka ukun sun zama taurari, Lee har da Cy Young a 2008. Ana sa wannan a jerin mafi muni, amma mutumin da aka ce masa watakila baɗi babu ƙungiyar, wa zai tara wa yara? A 2005 aka kwashe ta zuwa Washington.

Ɗan Maraɗi:
Babu hukumar da ke hana ciniki in ya yi muni?

Dattijon Harlem:
Kwamishinan gasar na da ikon. A Yunin 1976 mai Oakland, Charlie Finley, ya sayar da Vida Blue ga Yankees a kan dala miliyan 1.5, da Rollie Fingers da Joe Rudi ga Boston miliyan ɗai-ɗai. Kwamishina Bowie Kuhn ya soke duka, ya ce ba maslahar wasan ba ce. Amma wannan tsabar kuɗi ne. In mutum da mutum ne, da wuya a sa baki.

Kuma ni, tun ɗazu ina jin ku, kowa na cewa an cuci Boston, an cuci Cubs. Ƙungiya ba ta da mata da 'ya'ya. Wanda ake ɗagawa daga gidansa a rana ɗaya fa? A ƙarshen Yulin 2015 ina zaune gaban talabijin ina kallon Mets. Labari ya bazu a wayoyin 'yan kallo cewa an tura Wilmer Flores Milwaukee, shi kuma yana cikin fili bai sani ba. Da ya zo bugu jama'a suka miƙe suna yi masa tafin bankwana, a nan ya gane. Ya koma wurin tsaronsa yana goge hawaye da hannun riga, kyamara na kansa. Yaron nan tun yana ɗan shekara 16 a Venezuela Mets suka ɗauke shi, bai san wani gida ba. Ƙarshe cinikin ya wargaje, bayan kwana biyu shi ya buga hom-ron da ya ba su nasara a kan Washington a zagaye na 12, yana gudu yana jan tambarin rigarsa. Shi Allah ya taimake shi. Ɗaruruwa ba a fasa nasu ba.

Autan Gwaggo:
Baba ai miliyoyi suke karɓa. Wanda ya karɓi wannan kuɗi ya san sharaɗin.

Dattijon Harlem:
Auta, miliyoyin nan wani ne ya sadaukar da sana'arsa kafin su samu. Curt Flood, ɗan tsakiyar fili na Cardinals, shekara 12 a ƙungiyar, kyautar gwanin tsaro bakwai, kofi biyu. Oktoban 1969 aka ce an tura shi Philadelphia. Ya ce ba ya zuwa. Ya rubuta wa Kuhn wasiƙa a Disamba cewa shi ba kadara ba ne da za a saya a sayar ba tare da son ransa ba. A lokacin akwai ƙa'idar da ta ɗaure ɗan wasa ga ƙungiyarsa har ya yi ritaya. Ya bar albashin dala 90,000 ya shiga kotu, ƙungiyar 'yan wasa ƙarƙashin Marvin Miller ta tsaya masa. Kotun Ƙolin Amurka ta kayar da shi a 1972, alƙalai 5 da 3. Bayan rigimar wasa 13 kawai ya ƙara bugawa, a Washington a 1971, alhali yana ɗan shekara 31 aka fara. Sai a Disamban 1975 mai sasanci Peter Seitz ya 'yantar da Andy Messersmith da Dave McNally, daga nan aka samu dokar shekara shida da Malam ke ta lissafi da ita. In ana neman cinikin da aka fi cutar wani, ni Flood zan nuna, kuma ba Cardinals ko Phillies nake nufi ba.

Malamin Lissafi:
Baba, ba ni da ja a kan Flood. Sai dai har yanzu ina kan bakana cewa Brock da Smoltz ba za a haɗa su kwando ɗaya da Ruth da Carlton da Betts ba. Na farko gaibu ne, na biyu zaɓi ne.

Maman Iman:
Bagwell fa, wane kwando?

Malamin Lissafi:
Na uku, Hajiya. Sakaci. Shi da na Fernando Tatis Jr., wanda Chicago White Sox suka ba San Diego a Yunin 2016 saboda James Shields, yaron na da shekara 17 bai buga wasan ƙwararru ko ɗaya ba.

Zangon Kumasi:
A'a Malam, wanda bai buga ko wasa ɗaya ba ai gaibu ne tsantsa, ya fi na Smoltz ma. Ka mayar da shi kwandon farko.

Malamin Lissafi:
Su suka ɗauko shi daga Jamhuriyar Dominika suka biya shi kuɗin sa hannu shekara guda kafin nan. Sun fi kowa sanin abin da suka gani. Kuma Shields wasansa na ƙarshe kafin cinikin maki 10 aka ci a kansa. Ina nan a kan sakaci.

Ɗan Maraɗi:
Tambayata ta ƙarshe, Baba. Bayan duk abin da Flood ya yi, yau ɗan wasa zai iya cewa ba ya zuwa?

Dattijon Harlem:
Kaɗan daga cikinsu, ɗana. Wanda ya shekara 10 a babban rukuni, biyar na ƙarshe a ƙungiya ɗaya, ba a tura shi ko'ina sai da yardarsa. Wannan ƙa'ida ta shigo a 1973, kuma Ron Santo na Cubs ne ya fara amfani da ita, ya ƙi zuwa Angels a ƙarshen shekarar, aka mai da shi White Sox don ya ci gaba da zama a Chicago. Sai manyan taurari da ke iya sa sharaɗin hana musaya a kwantiraginsu. Sauran, musamman yaran gidan raino irin su Smoltz da Bagwell da Tatis a lokacinsu, ba su da ta cewa. Waya ake yi musu, a turo tikitin jirgi, washegari su bayyana a sabon gari.